Takobin Kaka Ba Kayan Gwangwan Ba Ne

A ƙasar Karaye da Rogo, daga Beli har Zarewa, gidajen sarauta da na maharba ba su rasa tsohon takobi ko mashi ko bindigar toka da aka gada. Yankin ya sha hare-hare a ƙarni na 19, kamar yadda Baba ta Karo, wadda ta girma a wajejen Zarewa, ta bayar da labari a littafin da Mary Smith ta fitar a 1954. Abin takaici, waɗannan kayan tarihi suna salwanta a hannun dillalai da 'yan gwangwan.

Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji (1390-1410) ne ya shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. Haka kuma Heinrich Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 kowace shekara, akasarinsu ƙirar Solingen ta Jamus, a yi musu ƙota da kube a nan gida. Saboda haka ɗan tambarin da ke jikin takobi, kamar hoton jinjirin wata, shaida ce ta cinikin Sahara. Irin waɗannan alamomi ne masanin nan A. D. H. Bivar ya bi diddiginsu a littafinsa na 1964 kan makaman Arewa.

Wani zai ce mai abu shi ke da ikon abinsa, kuma talauci ba ya jiran tarihi. Gaskiya ne. Amma kuɗin dillali ba ya kai mako, takobin kuwa ya tafi ke nan. Da zarar ya bar gidansu, babu sauran mai sanin wanda ya rataya shi, ko yaƙin da ya halarta. Ban da haka, doka mai lamba 77 ta 1979 ta hana fitar da kayan tarihi daga Nijeriya ba tare da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

Akwai kuma ɓarnar da ake yi da kyakkyawar niyya. Tsatsa tana samuwa ne idan ƙarfe ya haɗu da laima da iska, to amma mai dirje takobi da yashi don ya yi ƙyalli, tambarin yake gogewa tare da tsatsar. Abin da ya dace shi ne a share shi da busasshen ƙyalle, a shafa masa mai kaɗan, a rataye shi nesa da ƙasa, musamman da damina. Lifidi kuwa a riƙa shanya shi a inuwa saboda asu da gara.

Mafi muhimmanci, ɗalibai 'yan asalin yankin su zauna da dattawa tun suna raye, su rubuta labarin kowane makami, su ɗauki hotonsa. Gidan da ba zai iya adanawa ba, ya tuntuɓi Gidan Makama a Kano kafin ya saurari dillali.