Ƙyallayen da Teloli Ke Ƙonawa a Mafara

Duk wanda ya ratsa ta wajen teloli a Talata Mafara ana gobe Sallah ya san tarin da nake nufi: guntayen atamfa, na shadda, na yadin maza, an share an tura bayan shago. Da magariba yaran shago su cinna musu wuta, ko iska ta kwashe ta zuba a kwata. Idan hunturu ya sauka kuma, mu ne dai a kasuwar Talata muna ciniki kan bargon gwanjo da wani ya gama yayinsa a Turai. Mahaifina tela ne, a gindin kekensa na tashi, don haka ina da bakin magana. Abin da muke ƙonawa mayafi ne.

Mutanen arewacin Japan sun riga mu gane haka, kuma talauci ne ya koya musu. Yankin Aomori sanyinsa ya yi yawa, auduga ba ta yi a can, sai wani zare mai kaushi irin na rama. A shekarar 1724 masu mulkin Tsugaru, da ke yankin, suka hana manoma sa tufafin auduga ma gaba ɗaya. Sai mata suka riƙa jera tsummokara rinannu da baba, ɗaya bisa ɗaya, suna bi da farin zare: allura ta nutse ta fito, ta nutse ta fito, layi kusa da layi, har yadin ya yi kauri ya riƙe ɗumi. Wannan ɗinki shi ne sashiko, tufar da ta sha maho kuma boro. Masu kashe gobara a birnin Edo, Tokyo ta yau, rigar wannan ɗinki suke sawa, a jiƙa ta sharaf kafin su tunkari wuta. Da ƙasar ta yi arziki jikoki suka ji kunyar kayan, suka yi ta zubarwa, sai da wani mai bincike, Tanaka Chuzaburo, ya bi ƙauyuka yana tattarawa. A 2009 aka buɗe gidan adana kayan tarihi na Amuse a Tokyo da tarin nasa. Yanzu manyan kamfanonin tufafi na kwaikwayon tsumman da aka raina.

Ba sai mun je Japan koyo ba. Tarihin Kano ya nuna Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya kawo lifidi tare da sulke da kwalkwali. To mene ne lifidi? Yadi ne biyu, a cusa auduga ko audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki a danne, har ya iya tare kibiya. Wanda ya taɓa ganin 'yan lifida a hawan Sallah ya ga guntaye ja da fari da baƙi an harhaɗa su da tsari. Hannun da ya iya yi wa doki wannan, kuma ya iya aska takwas a babbar riga, ya iya surfanin hula, bai kamata mayafin yaro ya gagare shi ba.

Kakata a Bakura ba ta taɓa jefar da zane ba. Idan ya tsufa ta wanke, ta haɗa uku ko huɗu, ta zauna bayan la'asar da abawa tana bi layi layi. A kan irinsa aka yi renon mu duka, kuma kawuna da shi yake kwanan gadin shinkafa a fadamar da ruwan Bakolori ke shayarwa, inda ɗarin asuba ke shiga ƙashi. Ɗinkinta ba shi da ado ko kaɗan, layukan ma a karkace suke, amma ban taɓa ganin ya ɓalle ba. Matan gidanmu na yanzu, masu ilimi da wayar hannu, babu mai yarda a ga irinsa a kan gadonta. Za a ce mijinta ya gaza.

Wannan kunyar ce matsalar, kuma tana da tsada a jihar da mutane da yawa suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga. Mata daga yankin Maradun suna zaune a Mafara a gidajen 'yan uwa da kangwaye, gona ta gagara, jari babu. Keken ɗinki ya fi ƙarfinsu, kuma yana son wurin ajiya. Wannan aiki kuwa allura yake so da zare da tabarmar zama.

Na san abin da za a ce: aikin na cin lokaci, bargon China kuma yana nan a kasuwa. Gaskiya ne, babban mayafi zai ci makonni. Ni ma ba na cikin masu yi wa mata alkawarin dala daga Amurka. Irin wannan romon baka ya kashe shirye-shiryen koyon sana'a da yawa. Amma wadda ba ta da kuɗin bargo tana da lokaci, kuma mayafin da ta ɗinka wa 'ya'yanta kuɗi ne da ba su fita daga hannunta ba. Ƙananan kaya, irin shimfiɗar jariri da jakar allo da rigar matashi, kwana kaɗan suke ci, kuma za su samu masu saye ranar Talata.

Abin da nake nema ba ya bukatar kasafin kuɗi. Shugabannin teloli a Mafara da Bakura da Maradun su sa kowane shago ya ajiye buhu, a ware guntayen auduga daban da na leda, domin na leda ba ya shan allura da kyau, ga shi yana narkewa kusa da murhu. Makarantun Islamiyya na matan aure su ba da awa ɗaya a mako, a ɗauko tsofaffin da suka iya su koyar, a kuma biya su ko da kaɗan ne. Masarautun uku su nemi masu ɗinkin kayan doki su nuna yadda ake jera launi. A fara tara buhunan tun daga ɗinkin Sallah mai zuwa, domin mayafin da za a rufa da shi a watan Disamba tun da damina ake soma shi.