A binciki irin shinkafa tun yana ganye, kafin a ɗora wa manomi bashi

Duk lokacin da buhun shinkafa ya yi tsada a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram, maganar da ake ji guda ce: ƴan kasuwa sun ɓoye kaya, ko kuɗin duwan ya yi yawa. Haka aka faɗa a 1994 da aka karya darajar sefa, haka a 2008, haka kuma a 2023 da Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta. Amma ƙasar da mafi yawan shinkafar da take ci daga Asiya take zuwa ba ta da ta cewa a kan farashi. Wanda ke son buhu ya sauko, sai ya waiwayi fadamun kogin Isa, daga Tilaberi zuwa Gaya, ya tambayi abin da ke cin amfanin gona tun kafin a kai ga lauje.

Babban ɓarawon dai cuta ce mai sa ganye ya yi rawaya da dabbare-dabbare, wadda masana ke kira RYMV. An fara ganin ta a Kenya a 1966, kuma a Afirka kaɗai take. Ƙwari na yaɗa ta, hannun mai dashe da shanu masu ratsa gona su ma haka. In ta kama shuka tun tana ƙarama, sai ta tsugune, zangarniya ta fito ba ƙwaya. Babu maganin feshi da ke warkar da ita. Ga kuma ta biyu, ƙunar ganye, wadda bakteriya ke kawowa. Manomin da ke cikin filayen ban-ruwa na ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ko ya girbe ko bai girbe ba, kuɗin ruwa da na taki suna nan suna jiran shi wajen ƙungiya.

Rigakafin da ke akwai shi ne iri mai jure cutar. A da, gane shi aiki ne mai cin rai: a shuka, a shafa wa ganye cutar, a jira makonni a ga wanda ya tsira, a sake barbara, a sake jira. Shekara goma na iya wucewa kafin iri guda ya kai hannun manomi.

Yau akwai gajeriyar hanya. Kowace shuka tana ɗauke da rubutun gadonta a cikin sinadarin da ake kira ADN, kuma tun 2005 aka gama karanta na shinkafa. Kusa da gadon da ke ba da juriya, ko ma a cikinsa, akwai wata alama da ake iya ganewa, kamar yadda aska a fuska ke nuna Bagobiri ko Ba'are ba sai ya buɗe baki ba. Ana yankar ɗan ganye da bai fi farce girma ba daga shuka mai sati biyu ko uku, a fitar da ADN, a sa a na'urar PCR, cikin ƴan kwanaki a san wadda ta gaji juriya da wadda ba ta gada ba. Cikin tsiro ɗari biyar, sai a ɗauki kaɗan masu alamar, a huta da ban-ruwan sauran.

Amfanin ya fi fitowa a kan cutar rawaya. Juriyar da aka samu a irin Gigante, wadda masu bincike na IRD a Faransa suka gano asalinta a 2006, tana da halin ɓuya: sai shuka ta gaje ta ta wajen uwa da uba duka sannan take aiki. Wadda ta gaji rabi tana kamuwa kamar kowa, ido ba ya bambanta ta da maras komai, alhali ita ce mai barbara ke bukata don ci gaba da aikinsa. Alamar ce kaɗai ke tona ta. Kuma don kada a ruɗa jama'a, wannan ba shi ne OGM ɗin da ake gardama a kai ba. Ba a dasa wa shinkafa gadon wata halitta. Barbara ce irin ta kullum, dubawar ce ta zamani.

Akwai wani labari da ya kamata kowane ɗan majalisa ya sani. Gadon Xa21, mai kare shinkafa daga ƙunar ganye, daga wata shinkafar daji aka same shi wadda aka ɗebo a Mali. An kai ta cibiyar IRRI a Filifin, sannan Pamela Ronald da abokan aikinta suka ware gadon a jami'ar Kalifoniya a 1995, jami'ar kuma ta yi rajistar mallaka. A 2008 Indiya ta fitar da irin Samba Mahsuri da aka gyara da wannan gado haɗe da wasu biyu, ta hanyar bin alamomi. Ciyawar da manomin Sahel ke tugewa yana jifa a gefen kunya, ita ce ke tsaron gonar wanda ke sayar masa da shinkafa. Irin wannan ciyawa tana nan a fadamun Nijar. Haka ita ma jar shinkafar gargajiya da kakanni suka noma a bakin kogi, wadda a cikinta aka samu mafi yawan gadon da ke tare cutar rawaya. Wa ke tattara su? Wa ke ajiye su?

Sai dai alama ba laya ba ce. Tana nuna gado na nan, ba ta yi alkawarin zai yi nasara a kan cutar wannan yanki ba. An tabbatar bakteriyar ƙunar ganye ta Afirka daban take da ta Asiya, an kuma samu nau'o'in cutar rawaya a Afirka ta Yamma da ke karya juriyar Gigante. Saboda haka ake haɗa gado biyu ko uku a iri guda, kuma dole a gwada shi a Kollo ko Gaya da cutar wurin. Sannan a dafa shi a ɗanɗana, domin irin da uwargida ta ƙi, ɗan kasuwa ba zai ɗauka ba ko da kyauta.

Nan ne nauyi ya hau mahukunta. INRAN tana nan tun 1975, jami'ar Abdu Mumuni tana yaye matasa, AfricaRice kuma Nijar na cikin ƙasashenta. Abin da binciken noma ya daɗe yana fama da shi a ƙasashen Sahel shi ne rayuwa da kuɗin furoje: masu ba da taimako su zo da na'ura, shekara uku su tafi, sinadarai su ƙare, wuta ta ɗauke, mai ilimin ya nemi aiki waje. Kuɗin tafiyar da ɗakin bincike guda bai kai komai ba in an gwada da na gina madatsa ko na sayen famfunan ban-ruwa. Ya kamata a rubuta shi cikin kasafin ƙasa kowace shekara, a kuma shimfiɗa sharaɗi cewa duk sabon irin shinkafa da za a raba wa ƙungiyoyin manoma sai ya zo da takardar gadon juriyar da yake ɗauke da shi da sakamakon gwajinsa a bakin kogi. Manyan ƴan kasuwa masu injinan sussuka, waɗanda kan rasa shanshera in cuta ta yi ɓarna, su ne ya dace su fara neman wannan takarda.