Maɓallin Janye Kuskure: Mu Yi Lissafi Kafin Mu Biya

Mai tallar manhajar lissafin kaya alkawari biyu yake yi wa ɗan kasuwa. Na farko, da zarar akawu ɗaya ya canza adadi, kowace kwamfuta za ta gani nan take. Na biyu, in an yi kuskure, maɓalli ɗaya zai janye shi. Tunda aljihunmu ne zai biya, mu auna.

Mu ɗauki siton citta a Kwoi, hedkwatar ƙaramar hukumar Jaba. Kwamfuta biyu: ɗaya wajen sikeli, ɗaya gaban mai karɓar kuɗi. A ce ana shigar da bayani 200 a rana, ana kuskure ɗaya cikin ɗari. Biyu ke nan a rana, 52 a kwanakin aiki 26 na wata, 624 a shekara. Buƙatar gyara gaskiya ce. Saura a ga ko manhajar za ta iya.

Mu fara da sanarwa. Ƙananan manhajoji da dama a kan rumbun bayanai na SQLite aka gina su, wanda Richard Hipp ya fitar a 2000. SQLite kuwa wanda ya yi canjin kaɗai yake sanar wa. Kwamfuta ta biyu sai dai ta riƙa leƙawa. In duk daƙiƙa 60 take leƙawa, akwai minti guda da allonta ke nuna tsohon adadi. Buhu 10 ya rage. Wannan akawu ya yi cinikin 8, wancan ma 8. An sayar da 16. Shida babu su a sito.

Rumbun PostgreSQL yana da hanyar sanar da kowa. Sai dai yana buƙatar kwamfutar da ba a kashewa lokacin aiki. A ce tana jan wat 100 na awa 10: yunit ɗaya a rana, 26 a wata. Ƙara batir, ƙara waya, ƙara man janareta a farashin da ya biyo bayan cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Shin waɗannan suna cikin kuɗin da aka yanka mana?

Sai janyewa. Rumbun bayanai yana komawa baya ne kafin a tabbatar da ajiya. Bayan nan, dole manhajar ta riƙe tarihin kowane canji. Wurin ajiya ba shi da tsada: kilobait ɗaya sau 200 sau kwana 312, wajen megabait 62 a shekara. Tsadar tana cikin aikin mai rubuta manhajar. Akawu ya buga buhu 40 maimakon 4. Kafin ya farga, abokin aikinsa ya sayar da 15. A janye 40, sito ya nuna bashin buhu 15. A gyara zuwa 4, bashin 11. Wanne manhajar za ta yi, kuma wa za ta gaya wa?

In tarihin a ƙwaƙwalwar wucin gadi yake, ɗauke wuta sau ɗaya ya share shi. Ko Excel mataki 100 yake tunawa, a rufe fayil ya manta.

Akwai kuma asarar da ba a faɗi. Maɓallin da ke gogewa ba tare da barin sawu ba, ƙofa ce ga mai dogon hannu. Ƙa'idar akanta ita ce ba a gogewa. Ana rubuta sabon layi da ke soke tsohon, da suna da lokaci. Bayan cutar da ta lalata gonakin citta a kudancin Kaduna a 2023, babu ɗan kasuwar da ke da buhun yasarwa.

Don haka kafin biya, a yi gwaji uku a gaban mai tallar. A canza adadi a kwamfuta ɗaya, a ƙirga daƙiƙoƙin da ɗayar za ta ɗauka. A zare wuta, a kunna, a nemi janye kuskuren ɗazu. A janye ciniki, a nemi sunan wanda ya janye. In ta faɗi ko ɗaya, a rage kuɗi ko a fasa.