Bazara Da Amanar Da Ke Cikin Sito

A makon jiya na raka wani ɗan'uwana ɗan kasuwa zuwa sitonsa a unguwar Sharada da ke Kano. Wajen ƙarfe 2 na rana muka tarar da tirela cike da buhunan shinkafa a bakin ƙofa, motar ɗaga kaya kuwa ta mutu, tana ta tururi. Da bakanike ya zo, abin da ya gano bai taka kara ya karya ba. Ƙurar hunturu ce ta toshe lagireto tun watan Janairu, ba wanda ya hure ta. Saboda aikin minti 20 da aka yi sakaci da shi, ɗan'uwan nan nawa ya biya direba kuɗin kwana, ya biya 'yan dako, ya kuma sayi kayan gyara.

A ƙasarmu, daga Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40 a Sakkwato, Maiduguri da Kano, haka ma a Maraɗi da Damagaram. A farkon Afrilun 2024 garin Kayes na ƙasar Mali ya ga digiri 48.5. A inuwa ake ɗaukar wannan awo. Sito mai rufin kwano, wanda ba shi da silin ko tagogin sama, ya fi haka zafi, domin kwano yana shan rana ya juye ta ciki, iska mai zafi kuma ta taru a sama ta rasa mafita.

Mu fara da batir, tunda yanzu kusan kowane sito yana da shi, ko na mota ko na sola. Masana sun daɗe da sanin cewa batir mai ruwa ya fi daɗewa a wajen digiri 25, kuma duk ƙarin kimanin digiri 10 yana rage kusan rabin kwanansa. Ruwansa yana saurin ƙafewa a bazara, don haka a riƙa duba shi kowane mako, a ƙara masa tataccen ruwan batir, kada a zuba na rijiya ko na famfo. Yayin caji yana fitar da iskar haidurojin mai saurin kama wuta, saboda haka kuskure ne babba a kulle shi a ɗakin da iska ba ta ratsawa.

Inji ma haka yake. Baƙin mai da man haidurolik suna tsinkewa idan zafi ya yi yawa, robobin da ke tare su kuma su bushe su tsattsage, sai a fara ganin ɗigo a ƙasa. A hure lagireto da matatar iska, a duba fanbel, a sa giris a sarƙa da gaɓoɓin da ke motsi. Iskar taya da sanyin safiya ake auna ta, domin da rana awon yakan hau ya ruɗi mai dubawa. Janareta kuwa a fitar da shi inda zai sha iska, kuma kada a zuba masa fetur yana aiki ko yana da zafi.

Sai kayan da aka ajiye. A jikin kwalayen magunguna da yawa an rubuta cewa kada a ajiye su a inda zafi ya wuce digiri 30. Maganin da ya yi wata uku a ƙarƙashin kwano zai iya rasa ƙarfinsa alhali kwanan watansa bai ƙare ba, kuma marar lafiyar da ya saya ba shi da hanyar ganewa. Hatsin da ake tarawa a wurare irin su Dawanau yana son a shigar da shi a bushe, a jera buhuna a kan katako, a bar rata tsakaninsu da bango da kuma rufi. Fetur, fenti, maganin ƙwari da tukwanen gas ba su da dalilin kwana a ɗaki ɗaya da abinci ko yadi. Waɗanda suka ga gobarar Kasuwar Sabon Gari ta Kano a watan Maris na 2016 sun san abin da wuta kan yi wa dukiyar shekaru cikin dare ɗaya. A kira ma'aikacin lantarki na gaske ya duba wayoyi, a kuma tabbatar tukunyar kashe gobara tana aiki, ba ta ɓuya a bayan kwalaye ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗan dako. Ana iya canza wa mota lagireto, amma wa zai mayar wa iyali mahaifinsu idan zafi ya kayar da shi da buhu mai kilo 100 a ka? Dokar masana'antu ta Najeriya ta wajabta samar da iska da ruwan sha a wurin aiki. Ko babu doka, tausayi ya isa ya sa mai sito ya mayar da lodi da sauke kaya zuwa sassafe da bayan La'asar, ya tanadi inuwa da randa. Wanda ya fara jiri, ko magana ta rikice masa, a kwantar da shi a inuwa, a jiƙa masa jiki, a garzaya da shi asibiti.

Na san ɗan kasuwa zai ce kuɗin gyara ya yi tsada a wannan zamani, kuma da gaskiyarsa. Sai dai mafi yawan abin da na lissafa kulawa yake buƙata fiye da kuɗi. Littafi ɗaya ya isa, a ɗora wa mutum ɗaya alhakin rubuta ranar da aka duba kowane abu. Kayan da ke cikin sito sau da yawa bashi ne ko ajiyar wasu, wato amana ce. Hausawa sun ce kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi. Ɗan'uwan nawa dai ya sayi littafinsa ranar Asabar.

Allah Ya kai mu damina lafiya, Ya tsare mana dukiya da rayuka. Sai mako mai zuwa.