Lissafin Da Ya Gane Fuskar Kakana

Jama'a, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Duk ranar da malamin lissafi ya jera lambobi sahu-sahu cikin baka biyu, ya ce yau darasin matriks za a yi, sai ka ga rabin aji sun fara hamma. Wani ma yakan ce, "Wannan abu buhun gero nawa zai kawo gida?" Ni ma da haka nake cewa, amma yanzu na tuba. Ga dalili.

Ranar 25 ga Fabrairu, ranar zaɓen 2023 ke nan a wurinmu, na raka kakana rumfar zaɓe a nan Shanono. Ya ɗora yatsa a kan na'urar BVAS, amma shekarun da ya yi yana riƙe da fartanya sun shafe zanen yatsunsa. Har ya juya zai tafi, sai ma'aikacin ya ce, "Baba, dakata, dubi nan." Aka ɗauki hotonsa, nan da nan na'ura ta shaida shi, ya jefa ƙuri'arsa. A hanya ya tambaye ni, "Kai ɗan boko, yaya ƙarfe ya san fuskata?" Na yi tsuru-tsuru, kunya ta rufe ni.

Da na bincika, ashe darasin nan da muke gudu ne. Na'ura ba ta ganin hanci ko gemu, lambobi kaɗai take gani. Ku ɗauki hoto kamar gona mai kunya 100, kowace kunya da rami 100. Ramuka 10,000 ke nan. A hoto marar launi kowane rami yana da lamba tsakanin 0, wato baƙi ƙirin, da 255, wato fari fat. Wannan jeri shi ne matriks. Sai na'ura ta yi ta ninkawa da tarawa har ta taƙaita shi zuwa 'yan lambobin da suka bambanta wannan fuska da sauran, kana ta gwada su da na hoton da aka ajiye ranar rajista. In tazarar kaɗan ce, to, mutum ɗaya ne. A 1991 Matthew Turk da Alex Pentland na jami'ar MIT a Amurka suka fito da wata shahararriyar hanya ta yin wannan aiki.

To, amma fa akwai gyara. A 2018 Joy Buolamwini da Timnit Gebru sun gwada manhajojin wasu manyan kamfanoni guda uku, masu faɗin ko fuska ta mace ce ko ta namiji. A kan fararen maza kuskuren bai kai ɗaya cikin ɗari ba, amma a kan baƙaƙen mata ya kusa 35 cikin ɗari. Babban dalili shi ne na'ura abin da aka nuna mata take koyo, kuma fuskoki irin namu ba su da yawa cikin hotunan da aka koya mata da su. Wa zai gyara wannan in ba mu ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu cewa wannan ilmin Turawa ne, su tuna da Muhammadu al-Katsinawi, malamin da ya rubuta littafi a 1732 kan jera lambobi cikin gidajen hatimi yadda kowane sahu zai ba da jimla ɗaya. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Ashe jera lambobi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa.

Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, maza da mata, mu daina laɓewa bayan aji lokacin lissafi. Iyayenmu kuma, don Allah in kun tambayi sakamakon Turanci, ku tambayi na lissafi. Yau ko jarrabawar JAMB ba a yin rajistarta sai da lambar NIN, ita kuwa ba a samunta sai an ɗauki hoton fuska da zanen yatsu. Tun da fuskokinmu sun riga sun zama lambobi, ya kamata a sami ɗan Shanono da ya iya karanta su. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.