Kunne ɗaya ya mutu, kada a kashe na biyu



Makon jiya na tafi Tajaye gaida kawuna, tsohon malamin lakkwal da ya yi ritaya. Na iske shi zaune gaban ampilinsa kamar mai jinya. Sansui ne, ƙirar Japan, wanda ya sayo a Sakkwato a 1979. Ko da darajar sefa ta karye a Janairu 1994, ma'aikata suka yi watanni babu albashi, babur ya sayar, bai taɓa ampilin ba. Ga shi yanzu lasifikar hagu ta yi ta kakari, daga bisani ta yi tsit, Shata yana fita ta gefe guda.

Ya ce mini: "Ɗana, wani yaro ya ce in haɗa lasifikan biyu a gefen da ke da rai, kowa ya huta." Na ce: "Kawu, don Allah a dakata."

Wannan shawara ta kashe ampili da yawa a ƙasar Adar. Ampili irin wannan tagwaye ne cikin akwati ɗaya, na dama da na hagu, kuma galibi kowane an yi shi ne don lasifika mai om 8. In aka jingina masa biyu, lissafin ya koma om 4, wutar da yake ja ta kusa ninkawa, zafi ya ƙaru. An ɗora wa jaki ɗaya kayan jakuna biyu ke nan. Sabo yana iya jurewa. Tsoho mai shekara arba'in da ƴan kai, cikin zafin bazara da ke wuce digiri 40, da wuya ya kai labari. Alhali gefen mai lafiya shi ne shaidar mai gyara: da shi ake gwada marar lafiya, awo da awo. Wanda ya kashe shaida ya ɓata shari'arsa da kansa.

Kafin a kai wa kowa, akwai binciken da ba ya cin ko dala. A kashe wuta, a musanya wayoyin da ke shigowa daga kaset, ja a gurbin fari. In shirun ya koma dama, laifin na waya ne ko na kaset. In bai motsa ba, a ɗauki lasifikar da ta yi shiru a gwada ta ita kaɗai a gefe mai rai. Amma kada a kai mai lafiya gefen da ya mutu, domin taransisto da ya ƙone yana iya sako wuta tsagwaronta ta cinye lasifika nan take. Bayan haka a murza maɓallai, a danna makunnai sau ashirin ko talatin. In murya tana zuwa tana ɗaukewa, ƙurar hunturu ce da tsatsa, maganinta feshin wanke kayan lantarki. Ban da man keke, ban da kananzir.

Daga nan aiki ya koma hannun gwani, domin manyan kondansata suna riƙe wuta ko bayan an zare soket. Ga alamomin gwani: yana aza mita a mafitar lasifika tun bai kunce komi ba, ya ga ko awon yana kusa da sifili, in ya ga bolt 30 ya san inda cutar take. Yana saka ƙwan lantarki mai zare a hanyar wuta kafin ya kunna, don ƙwan ya shanye haɗarin. Yana duba dalmar da ta tsage da kondansatan da zafi ya busar. Wanda kuwa ya naɗa waya ko takardar taba a gurbin fis, ku ɗauke kayanku ku yi gaba.

Ƴan kasuwa kuma, ku ji tsoron Allah game da taransisto na jabu: sunan na gaske a baya, cikinsa fanko, kwana uku ya tashi da sauran kayan.

Mun kai na kawu wurin wani dattijo a Birnin Ƙonni. Bai canza komi ba. Makunnin kaset ne ya cika da datti, sai dalma guda da ta saki. Ya wanke, ya like, ya karɓi jika biyu. Da maraice Shata ya dawo ta kunne biyu, kawu ya gyara zama ya ce a ɗora shayi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.