A Fitar Mana da Hanyar Ƙafa Zuwa Duwatsun Birnin Kudu

Ya Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana a kan abin da na san wasu za su ce ba shi ne damuwar talaka ba a wannan marra, wato tafiyar ƙafa a bayan gari. Su yi haƙuri su ji ni tukuna.

Ni tsohon malamin makaranta ne a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa. Bayan na ajiye alli, likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya haɗa ni da ƙwayoyi, ya kuma ce lallai in riƙa taka ƙasa kullum. Da farko bakin titi nake bi, ina shan hayaƙin manyan motocin da ke tasowa daga Kano. Ba na yin taku ɗari sai ɗan acaɓa ya ci burki: "Malam, ina zuwa? Hau in ƙarasa da kai." In na ce tafiya kawai nake yi, sai ya dube ni sama da ƙasa ya ja babur ɗinsa. Wata tsohuwa har tambayata ta yi ko akuya ce ta ɓace mini. A wurinmu ba a tafiya haka kawai. Sai gona, sai kasuwa, sai jana'iza, sai zumunci. Kunyar idon jama'a ce ta kore ni daga titi, na koma bin hanyoyin gonaki da burtalin shanu, su kuwa suka kai ni duwatsun da na shekara talatin ina hange daga tagar aji.

Duk ɗan garin nan ya san sunayensu: Dutsen Habude, Dutsen Mesa, Dutsen Murufu. Amma ka tara matasa goma a majalisa ka tambayi wanda ya taɓa shiga ƙarƙashinsu ya ɗaga kai, da wuya ka samu biyu. Alhali a 1955 Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya zo nan ya yi nazarin zanen da ke jikin kogunan duwatsun, ya kuma sanar da duniya labarin duwatsu masu amo, waɗanda in an buga su suke ƙara kamar kuge. Daga nan sunan Birnin Kudu ya shiga littattafan masana. Wuraren suna cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke da alhakin kula da su.

Ranar da na fara zuwa da gangan, na fita bayan sallar asuba, a tsakiyar hunturu, da gorar ruwa da sanda. An riga an girbe dawa, karan yana jingine a buka-buka, hanya kuwa siririya ce, faɗin sawun mutum ɗaya, tana ratsa ƙarƙashin kuka da ɗorawa. Hazo ya lulluɓe duwatsun, sai da na zo daf sannan suka fito. Na sunkuya na shiga inuwar wani falalen dutse da ya yi rumfa. Da farko ban ga komai ba sai jan dabbare-dabbare kamar tsatsa. Sai da idona ya saba da duhun wurin sannan ƙaho ya fito, sai wuya, sai ƙafafu huɗu. Saniya ce.

Ina tsaye sai ga wani yaro Bafulatani da ke kiwo a kusa ya leƙo. Ya gaishe ni, ya tsura wa zanen ido, can sai ya ce, "Baba, wanda ya zana wannan bai san saniya ba. Ina tozonta?" Na yi dariya har na zauna, domin yaron nan da bai taɓa zama a aji ba ya ɗora yatsa daidai kan abin da masana suka daɗe suna magana a kai. Shanun da aka zana ba su da tozo. Wasu masu dogon ƙaho ne, irin da ya ƙare a ƙasar nan. Wasu gajerun ƙaho, masu kama da muturu, ƙananan shanun da a yau sai a kudu ake yawan ganin su saboda suna jure cizon tsando. Shi kuwa yaron, farare irin Bunaji yake kora, kowace da tozonta. Ka ga ke nan bangon dutsen yana ba da shaidar wani zamani da makiyayan wannan ƙasa ke kora wasu shanu dabam. Shekara nawa na yi ina koyar da tarihi daga littafi, abin yana nan bayan gari, ko kuɗin mota ba sai na biya ba. Wannan laifina ne, ba zan ɗora wa kowa ba.

Su kuwa duwatsun kiɗa, ba a gane su da ido sai ta 'yan ramukan da bugu ya bari a gefensu, sumul kamar cikin turmi. Ka ɗauki ɗan dutse ka ƙwanƙwasa nan, ka ji amo siriri. Ka matsa taki guda ka ji wani mai kauri. Fagg ya rubuta cewa a zamaninsa amare kan je ɗaya daga cikin duwatsun nan a ranar aurensu. Akwai kuma wuraren da dutse ya yi santsi saboda sulun yara, zuriya bayan zuriya.

To ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A duk lokacin da aka tashi maganar yawon buɗe ido, sai ka ji ana batun otal da katanga da ƙofar ƙarfe da kwangilar miliyoyi. A yi bikin aza tubali, a watse. Ni abin da nake nema bai kai haka ba. Hanyoyin suna nan, manoma da makiyaya da mata masu itace sun riga sun fitar da su da tafin ƙafarsu. Abin da babu shi ne alama. Baƙo ya sauka a tasha, daga Kano ko Dutse, ba shi da yadda zai gane ta inda zai bi. A samu fenti a yi wa duwatsun bakin hanya alama, amma nesa da zanen. A kafa allo a mafarin kowace hanya, da Hausa da ajami da Turanci, a faɗi tsawonta da lokacin da za ta ci. A ware gajera ta tsofaffi irina, da doguwa wadda za ta haɗa duwatsun ga masu jini a jika. A zauna da masu gonaki da ardo da masu unguwanni tun farko, domin hanyar da ta ratsa gonar mutum ba da yardarsa ba, damina ɗaya za ta yi ya noma ta. Sannan a koya wa samari biyar ko shida tarihin wurin su zama 'yan jagora, su riƙa samun na cefane.

Wanda ke ganin hanyar ƙafa ba abin alfahari ba ce, ya tambayi mutanen Sukur ta ƙaramar hukumar Madagali a Adamawa. Hanyoyin da kakanninsu suka shimfiɗe da duwatsu zuwa kan tsauni suna cikin abubuwan da suka sa UNESCO ta sanya wurin a jerin kayan tarihi na duniya a 1999, na farko a Najeriya.

Akwai kuma gaggawa a lamarin. Na ga inda wani ya rubuta sunansa da gawayi kusa da zane. Na ga tokar wutar da aka hura a ƙarƙashin rumfar dutse, hayaƙin ya baƙanta rufin. Na kuma ji ƙarar gudumar masu fasa dutse daga nesa, ban ji daɗi ba, ko da yake na san abinci suke nema. Wurin da ba kowa ke zuwa ba shi ake yi wa ɓarna. In hanya tana da masu bi safe da yamma, mai gawayi zai ji kunya.

Wani abokina ya ce da ni zuwa irin waɗannan wurare raya al'adun jahiliyya ne, wani kuma ya ce matattarar aljanu ce. Na ce musu ni ba roƙon dutse nake zuwa yi ba. Duba abin da mutanen da suka shuɗe suka bari, a ɗauki darasi, abu ne da malamanmu ke kwaɗaitarwa a kan mumbari. Aljani kuwa ban gamu da shi ba tukuna. Abin da na gamu da shi kububuwa ce, kwance a gindin dutse da hantsi. Saboda haka duk mai niyya ya sa takalmi sau-ciki, kada ya zura hannu a rami, kada ya tafi shi kaɗai. Ya zo tsakanin kaka da ƙarshen hunturu. Da bazara dutsen kan yi zafin da ba ya taɓuwa tun kafin azahar, da damina kuma ciyawa ta rufe hanya, falale ya yi santsi.

Kirana na musamman ga 'yan'uwana shugabannin makarantun garin nan da na kewaye ne, domin su ba sai sun jira kasafin kuɗi ba. Asabar ɗaya a zango ta isa. Ni kuma duk ajin da ya shirya, a aiko mini da yaro tun daren Juma'a, zan jira su a bakin burtali da sandata.



Naka,
Tsohon malamin makaranta,
Birnin Kudu, Jihar Jigawa.